Abin da ƙuri'un watan Agusta ke faɗa game da Ilhan Omar

Ranar 9 ga Agustan 2022, da aka gama ƙidayar ƙuri'un zaɓen fidda gwani na jam'iyyar Dimokurat a mazaɓa ta biyar a jihar Minnesota ta Amurka, Ilhan Omar, 'yar asalin Somaliya da ke wakiltar mazaɓar a Majalisar Wakilai, ta tashi da 57,683, abokin karawarta Don Samuels kuma 55,217. Tazarar ba ta kai 2,500 ba. Ita ce kuwa ta lashe babban zaɓen 2018 da kashi 78 cikin 100, kuma wata uku bayan wannan shan da ƙyar ta sake lashe shi da kusan kashi 74. Mai bibiyar labarinta daga nesa, wanda saninsa da ita bai wuce ɗankwalinta da batun Falasɗinu da cacar bakinta da Donald Trump ba, zai ɗauka ɗaya daga cikin ukun nan ne ya kusa yin awon gaba da kujerarta. Alƙaluman zaɓukan da ta shiga wani wajen suke nunawa.

Sai an fara sanin mazaɓar tukuna. Majalisar Wakilan Amurka kujeru 435 gare ta, kuma duk bayan shekara biyu ake sake zaɓen kowace ɗaya. Mazaɓa ta biyar a Minnesota ta ƙunshi birnin Minneapolis gaba ɗayansa da wasu garuruwan da ke kewaye da shi, irin su St. Louis Park da Richfield da Golden Valley da Fridley. Tun 1963 ɗan jam'iyyar Rifablikan bai sake zama a kan wannan kujera ba. Donald Fraser ya riƙe ta, Martin Sabo ya yi shekara 28 a kai, sannan a 2007 Keith Ellison ya hau, shi ne Musulmi na farko da ya shiga majalisar dokokin Amurka. Zaɓen Nuwamba a nan cika sharaɗi ne kawai. Duk wanda ya samu tikitin Dimokurat a watan Agusta ya riga ya ci.

Shi kansa zaɓen fidda gwanin ba irin wanda muka saba gani ba ne, na tara daliget a filin wasa a kwana ana lissafi. Hukumomin jiha ne ke gudanar da shi, da rumfunan zaɓe da takardun ƙuri'a kamar kowane zaɓe, wato ya fi kusa da abin da ake kira 'yar tinƙe a Najeriya, wadda Shugaba Buhari ya ƙi amincewa a tilasta wa jam'iyyu a ƙarshen 2021. A Minnesota akwai ƙarin abu biyu. Jam'iyyar, wadda a jihar ake kira DFL tun da Dimokurat ta haɗe da jam'iyyar manoma da 'yan ƙwadago a 1944, tana yin nata taron wakilai kafin zaɓe, ta ɗaga hannun wanda ya samu kashi 60 na wakilan. Amma wannan ɗaga hannu bai hana wanda aka kayar ya kai ƙararsa wajen talakawa a Agusta ba. Na biyu kuma, ba a yin rajistar jam'iyya a jihar. Kowane mai ƙuri'a yana iya zaɓar layin jam'iyyar da ya ga dama ranar zaɓe, ko da ɗan Rifablikan ne na gani kashe ni. Ilhan Omar ta samu goyon bayan taron jam'iyya a duk karo huɗun da ta tsaya daga 2018 zuwa 2024, amma ko sau ɗaya ba ta kai kashi 60 a rumfunan Agusta ba.

Akwai wani zato da ya kamata a kawar, cewa ƙuri'un 'yan Somaliya ne ke ɗauke da ita. Gaskiya ne Minnesota ce jihar da ta fi kowace yawan 'yan asalin Somaliya, kuma unguwar Cedar-Riverside da ta fito har laƙabin ƙaramar Mogadishu ake yi mata. Sai dai mafi yawan mutanen mazaɓar fararen fata ne, 'yan Somaliya kuwa ƙaramin kaso ne, su ɗin ma ba bakinsu ɗaya a kanta ba. A Yulin 2022 an yi mata ihu a wani taron kiɗa na 'yan Somaliya a Minneapolis. Ginshiƙinta na haƙiƙa ɗaliban Jami'ar Minnesota ne, da matasa masu zaman haya, da wasu ƙungiyoyin ƙwadago, da fararen fata masu ra'ayin sauyi a kudancin birnin. Da su ta fara a 2016, lokacin da ta kayar da Phyllis Kahn, wadda ta shekara 44 a majalisar jiha, a takarar da har da wani ɗan Somaliya, Mohamud Noor, a ciki.

Zaɓen 2018 ya zo mata ne bagatatan. Ranar 5 ga Yuni, ranar da ake rufe karɓar takardun tsayawa, Ellison ya koma neman kujerar babban lauyan jiha, ita kuma ta shigar da nata takardun a ranar. Mako goma kawai ya rage. Ta samu kashi 48, Margaret Anderson Kelliher, tsohuwar kakakin majalisar jiha, ta samu kashi 30. Da aka rantsar da ita a Janairun 2019, ita da Rashida Tlaib suka zama mata Musulmi na farko a majalisar, har sai da aka gyara dokar hana rufe kai a zauren, wadda ke nan tun 1837.

Manufofin da ta yi kamfe a kansu na ɓangaren hagu ne na jam'iyyar, irin na Sanata Bernie Sanders, kuma ba ta sauya su ba daga wancan lokaci. Tana so gwamnati ta ɗauki nauyin inshorar lafiyar kowa, a ƙara mafi ƙarancin albashi, a yafe bashin karatun jami'a (a 2019 ita da Sanders sun gabatar da ƙudurin shafe dala tiriliyan 1.6), a ciyar da duk ɗan makaranta kyauta, gwamnati ta gina miliyoyin gidaje masu sauƙin haya, a rushe hukumar ICE mai kama baƙin haure, a rage kasafin soja. Mai karatu da ke mata kallon jakadiyar Musulunci a Washington gara ya san sauran jerin. Tana goyon bayan 'yancin zubar da ciki, har an kama ta a zanga-zangar da aka yi gaban Kotun Ƙoli a Yulin 2022 kan wannan batu, kuma tana kare haƙƙoƙin masu auren jinsi. Ba ɓoyewa take yi ba. A Minneapolis waɗannan matsayai ne ke kawo ƙuri'a, kuma abokan hamayyarta na cikin gida ma ba su ja da ita a kansu ba.

Abin da ya tabbata doka daga hannunta bai kai girman sunanta ba, kamar yadda yake ga yawancin 'yan majalisar da ke gefen jam'iyyarsu. Wanda ta fi alfahari da shi shi ne tanadin da ya ba makarantu damar ci gaba da ciyar da yara lokacin kullen korona, wanda aka saka cikin dokar agaji ta Maris 2020. Ƙudurinta na kafa ofishin yaƙi da ƙyamar Musulunci a ma'aikatar harkokin waje ya wuce Majalisar Wakilai a Disambar 2021 da ƙuri'a 219 da 212, ya je Majalisar Dattawa ya kwanta.

Harkokin waje ne suka kai sunanta duniya, nan ne kuma ta fi yin tuntuɓe. A Agustan 2018, a wata muhawara da aka yi a majami'ar Yahudawa a St. Louis Park, ta nuna cewa ƙaurace wa Isra'ila ba zai taimaka wajen kafa ƙasashe biyu ba. Ana gama zaɓen Nuwamba ofishin kamfenta ya ce tana goyon bayan ƙauracewar. Yahudawan mazaɓar da yawa sun ɗauki wannan a matsayin yaudara, kuma a ganina suna da hujja. A Fabrairun 2019 ta wallafa a Twitter wata magana mai nufin cewa kuɗi ne ke sa 'yan siyasar Amurka kare Isra'ila, shugabannin jam'iyyarta suka taso mata, ta ba da haƙuri. A Yuli Trump ya ce ita da ƙawayenta uku 'yan majalisa su koma inda suka fito, magoya bayansa suka riƙa rera a mayar da ita, a Agusta kuma Isra'ila ta hana ta shiga ƙasar. A Oktoban shekarar ta ƙi kaɗa ƙuri'ar amincewa ko ƙi a kan ƙudurin da ya kira kashe Armeniyawa da aka yi a Turkiyya lokacin yaƙin duniya na farko kisan ƙare dangi, abin da ya ba har masoyanta kunya, tunda ita ce mai yawan maganar haƙƙin ɗan Adam. Ta caccaki Saudiyya kan yaƙin Yaman, ta caccaki Indiya kan Kashmir. Da Rifablikan suka karɓe majalisa, ranar 2 ga Fabrairun 2023 suka cire ta daga kwamitin harkokin waje da ƙuri'a 218 da 211.

Da wannan jerin rigingimu ne ke yanke hukunci a mazaɓar, da a 2020 ta faɗi. A shekarar ne Antone Melton-Meaux, lauya baƙar fata wanda bai taɓa riƙe muƙamin siyasa ba, ya tara dala miliyan 3.2 cikin wata uku, kaso mai tsoka daga masu goyon bayan Isra'ila a faɗin ƙasar. Saƙonsa ɗaya ne: ita suna take nema, shi mazaɓa zai yi wa aiki. Babbar jaridar jihar, Star Tribune, ta mara masa baya. Ga kuma surutun da ake yi kan miliyoyin dalolin da kamfenta ya biya kamfanin ba da shawara na mutumin da ta aura a Maris ɗin shekarar, yarjejeniyar da ta soke bayan zaɓe. Duk da haka ta samu ƙuri'a sama da 103,000, kashi 58, shi kuma kusan 68,500. Wannan ne nasararta mafi girma a fidda gwani. Dalilai biyu suka haɗu. Korona ta sa an yi zaɓe ta gidan waya, mutane suka fito fiye da kowane lokaci. Sannan ranar 25 ga Mayu ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd har ya mutu a kan titin Chicago, a cikin mazaɓarta, birnin ya ɗauki zafi, ita kuma ta daɗe tana sukar 'yan sanda.

Wannan guguwar da ta ɗaga ta ita ce ta juyo kanta bayan shekara biyu. A Yunin 2020 kansiloli 9 daga cikin 13 na birnin suka hau dandamali a filin Powderhorn suka yi alkawarin wargaza rundunar 'yan sandan Minneapolis. Ilhan Omar ta ce rundunar ta ruɓe har jijiya, gyara ba zai yi mata ba. Abin da ya biyo baya bai yi wa kowa daɗi ba. Ɗaruruwan 'yan sanda suka ajiye aiki, kisan kai ya tashi daga ƙasa da 50 a 2019 zuwa kusan 100 a 2021, adadin da rabon birnin da shi tun tsakiyar shekarun 1990. Fashin motoci da rana tsaka ya zama labarin kullum. A Nuwambar 2021 aka kai maganar gaban masu zaɓe: a maye gurbin rundunar da sabuwar hukumar tsaron jama'a ko a bar ta? Ita ta ce a maye. Kashi 56 suka ce a'a. Abin lura shi ne unguwannin arewacin birnin, inda baƙaƙen fata suka fi yawa kuma harbe-harben suka fi ƙamari, suna cikin waɗanda suka ƙi. Mutanen da aka ce don su ake yi sun ce suna son 'yan sanda na gari ne, ba su ce a ɗauke musu su ba.

Daga wannan yanki Don Samuels ya fito. Haifaffen Jamaika ne, tsohon kansila, ya daɗe yana zaune a arewacin Minneapolis, kuma yana cikin mazauna unguwar da suka maka hukumar birni a kotu a 2020 don ta cika adadin 'yan sandan da kundin birnin ya tanada. Yana daga cikin fuskokin masu cewa a'a a ƙuri'ar 2021. Ba wanda zai iya kiransa ɗan wariyar launin fata ko maƙiyin baƙi, shi ma baƙon ne. Ya kuma samu wani makami a hannu: a Nuwambar 2021 Ilhan Omar na cikin 'yan Dimokurat shida da suka ƙi dokar gina tituna da gadoji ta Shugaba Biden. Hujjarta ita ce an yi musu alkawarin za a tafi da ita tare da babban ƙudurin walwalar jama'a, in aka raba su na biyun zai mutu. Ya kuwa mutu a Majalisar Dattawa, wato hasashenta ya yi daidai. Amma bayanin yana cin minti biyar, zargin cewa ta ƙi kuɗin gyaran gada kuwa jimla ɗaya ce, a birnin da gadar babbar hanya ta rufta cikin kogin Mississippi a 2007 ta kashe mutum 13. Magajin gari Jacob Frey ya mara wa Samuels baya ana dab da zaɓe. Ita kuwa ko tallar talabijin ba ta saka ba.

A nan alƙaluman suka fi magana. Daga 2020 zuwa 2022 ƙuri'un babban abokin karawarta ba ƙaruwa suka yi ba, raguwa suka yi da kusan 13,000. Nata ne suka zube, daga 103,000 zuwa ƙasa da 58,000, asarar kusan 46,000. An ɗan taɓa iyakokin mazaɓar bayan ƙidayar 2020, amma ba sauyin da zai bayyana wannan giɓi ba. Samuels bai janye mata jama'a ba sosai, jama'arta ce ta zauna a gida. Masu ƙinta dattawa ne masu gidajen kansu, yawancinsu a garuruwan gefe, waɗanda ba sa fashin zaɓe ko da rana ko da ruwa. Masu sonta kuwa sai an bi su ƙofa ƙofa, ga shi a Agusta jami'a tana hutu. Ta ci cikin birni, shi ya ci gefe.

Wata alamar ta riga ta bayyana tun Nuwambar 2020, ba a dai kula ba ne. Biden ya samu kusan kashi 80 a mazaɓar, ita ta samu 64. Wani ɗan takarar jam'iyyar halasta wiwi ya kwashi kusan kashi 10. Dubban mutane sun zaɓi Dimokurat a saman takarda, da suka iso sunanta suka kauce.

Zaɓen 2024 shi ne gwajin da ya fi kowane tsauri ga masu cewa batun Isra'ila zai ci ta. Bayan harin 7 ga Oktoban 2023 da yaƙin Gaza, tana cikin 'yan majalisar farko da suka nemi tsagaita wuta, kuma a Afrilun 2024 ta ƙi ƙudurin tallafin Isra'ila. Ƙungiyar AIPAC mai kare muradun Isra'ila a Amurka, ta hannun asusunta na siyasa da ta kafa a ƙarshen 2021, ta zuba fiye da dala miliyan 14 don kayar da Jamaal Bowman a New York, da fiye da miliyan 8 don kayar da Cori Bush a Missouri, 'yan majalisa biyu na Dimokurat masu sukar Isra'ila kamar ita. Irin wannan asusu ba shi da iyakar abin da zai kashe tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2010, muddin bai haɗa baki da ɗan takara ba. Bowman ya faɗi a Yuni, Bush ta faɗi ranar 6 ga Agusta. Mako ɗaya bayan nan aka zo kan Ilhan Omar, da Samuels ɗin nan dai a gabanta, har wasu 'yan Rifablikan suna kira ga mutanensu su tsallako su zaɓe shi. Ta ci da kashi 56, shi 43.

Me ya bambanta ta da su? Da farko, AIPAC ba ta shigo da ƙarfinta ba. A 2022 ta ba wata ƙungiya mai goyon bayan Samuels dala 350,000, kuɗin da bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da na New York, a 2024 kuma ta ja jiki. Ƙungiyar ba ta jefa kuɗi inda ba ta hango nasara ba. Bowman ya riga ya raunata kansa da danna ƙararrawar gobara a ginin majalisa a 2023, abin da ya jawo masa tsawatarwa a hukumance, Bush kuma ma'aikatar shari'a na bincikenta kan kuɗin tsaro da kamfenta ya biya. Tallace-tallacen da aka yi a kansu ma ba kasafai suka ambaci Isra'ila ba, ƙuri'ar nan ta tituna da gadoji da saɓa wa Biden aka riƙa nanatawa. Na biyu, ra'ayin mazaɓarta kan Gaza bai yi nisa da nata ba. A zaɓen fidda gwani na shugaban ƙasa a Maris 2024, kusan kashi 19 na 'yan Dimokurat a Minnesota sun ƙi zaɓar Biden don nuna fushinsu kan yaƙin, kuma a Minneapolis abin ya fi ƙarfi. Na uku, zafin maganar 'yan sanda ya lafa, laifuffuka sun fara sauka. Na huɗu kuma, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, ta yi aiki. Ta tara fiye da dala miliyan 6, shi bai kai miliyan 2 ba. Ta cika talabijin da talla, ta kawo Bernie Sanders gangami a Minneapolis, ta riƙa lissafa wa mutane ayyukan unguwa da ta samo wa kuɗi daga tarayya, kuma ta liƙe wa jam'iyya, ta tsaya wa Biden lokacin da ake ta cewa ya janye, ta koma bayan Kamala Harris da ya janye ɗin.

Sakamakon dai bai wanke ta sarai ba. Ƙuri'unta sun tashi zuwa kusan 68,000, ƙarin 10,000 a kan na 2022. Na Samuels sun sauka zuwa kusan 52,000, ragin da bai kai 4,000 ba. Wato bayan duk wannan kuɗi da wannan zirga-zirga, ba ta sauya zuciyar masu ƙinta ba, nata mutanen ta tayar. Keith Ellison ya ci fidda gwaninsa na farko a 2006 da kashi 41, shi ma Musulmi ne kuma ɗan ɓangaren hagu, amma daga nan bai sake fuskantar barazana a cikin gida ba har ya bar kujerar. Ita kuwa zango uku a jere, daga 2020 zuwa 2024, ana samun tsakanin kashi 38 da 48 na masu ƙuri'ar Agusta suna zaɓar duk wanda ya tsaya gabanta, lauya ne ko tsohon kansila. Tazararta a 2024 kusan ƙuri'a 16,000 ce, a mazaɓar da ke da mutum sama da 700,000. Mutum 8,000 da ɗoriya ne kawai za su sauya layi lissafin ya juye.